Yaƙin Tafkin Tanganyika: Jiragen da Aka Ja a Kan Tudu Don a Yi Faɗa a Ruwa

Yaƙin ruwa a tsakiyar Afirka kuma? Ina ce sai a teku ake yin sa?

Duk wanda ya ji kalmar tafki zai iya kawo wa ransa irin wanda yara ke wanka a ciki da damina. Tanganyika ba haka yake ba. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 670, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 1,400, kuma in iska ta taso igiyarsa kan kifar da jirgi. Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Turawa uku ne ke zagaye da shi: Jamusawa a gabas, inda Tanzaniya da Burundi suke a yau, 'yan Beljiyam a yamma cikin Kwango, sai Turawan Ingila a ƙarshen kudu, wato Zambiya ta yanzu. Tafkin shi ne iyakarsu, shi ne kuma babbar hanyarsu. Tafiyar da 'yan dako za su yi makonni suna yi a gaɓa, jirgi kan gama ta cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka wanda ya riƙe ruwan yana iya sauke soja inda ya ga dama, abokin gaba kuwa sai dai ya baza mutanensa suna gadin bakin ruwan da ba shi da iyaka.

Wa ke riƙe da ruwan a farkon yaƙin?

Jamusawa, ba tare da ja-in-ja ba. Suna da ƙananan jirage biyu masu injin tururi, Hedwig von Wissmann da Kingani, suka ɗora musu igwa. Tun a watan Agusta na 1914 suka far wa jirgin Beljiyam mai suna Alexandre Delcommune suka raunata shi, daga baya suka ƙarasa shi. Kafin shekara ta fita sun kawar da na Ingila da ke kudu.

Sannan ga babban yaya, Graf von Götzen. An ƙera shi a garin Papenburg na Jamus a 1913, aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka zuba cikin akwatuna kusan 5,000, aka kawo Dar es Salaam ta teku, daga nan jirgin ƙasa ya kai shi Kigoma, garin da ke gaɓar gabashin tafkin. A can aka sake harhaɗa shi, ya shiga ruwa a watan Fabrairun 1915. Tsawonsa ya doshi mita 70, yana kuma ɗaukar ɗaruruwan sojoji a sahu guda.

To ta yaya Ingila ta sami jirgin yaƙi a wurin da ba ya haɗe da teku?

Nan labarin yake. Wani maharbin namun daji mai suna John Lee, wanda ya san yankin, ya je hedkwatar sojan ruwa a Landan a watan Afrilun 1915 da wata shawara: kada a yi ƙoƙarin harhaɗa babban jirgi a bakin tafkin, domin Jamusawa za su gani su rusa shi tun bai taɓa ruwa ba. A ɗauko ƙananan jirage masu gudu, a kai su a haɗe, a jefa su ruwa kafin kowa ya farga.

Aka zaɓi kwale-kwalen inji biyu na katako, kowanne tsawon mita 12, aka ɗora musu ƙaramar igwa a goshi da mashinga a baya. Sunansu Mimi da Toutou. Tawagar ba ta kai mutum talatin ba. Suka bar Ingila a watan Yuni, suka sauka Cape Town a Yuli, jirgin ƙasa ya ɗauke su ya ratsa kudancin Afirka har Fungurume a yankin Katanga na Kwango, inda dogo ya ƙare.

Daga nan sai ƙasa tsagwaronta, kusan kilomita 240, ga kuma tsaunukan Mitumba masu tsayin kusan mita 1,800 a gaba. Aka ɗora jiragen kan amalanke, manyan motocin tururi biyu na ja. Hanya babu, sai da aka sare daji aka yi ta, aka kafa gadoji fiye da ɗari. Injin tururi kuwa ba ya motsi sai da ruwa da itace, ga shi rani ne. Mata ne daga ƙauyukan hanya suka riƙa ɗebo ruwa a tulu daga nesa suna ɗura wa injin. Inda mota ta gaza sai a ɗaura bijimai, inda bijimai suka gaza sai mutane su kama igiya. Hawa da wuya, gangara ta fi, don in amalanken ya kufce ya tafi ke nan har jirgin. Ga ƙudan tsando yana kashe shanun. Wata rana da ƙyar ake cin 'yan kilomitoci.

Da suka fita daga tsaunukan suka hau wani siririn dogo zuwa Bukama, suka bi kogin Lualaba, wanda ruwansa ya ja baya har jirage na ta kafewa a rairayi, zuwa Kabalo. Daga can wani dogon ya kai su bakin tafki kusa da Kalemie ta yau a ƙarshen Oktoba. Wata huɗu da 'yan kai ke nan da barin gida, ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Wane ne jagoran wannan tafiya?

Geoffrey Spicer-Simson, hafsan da manyansa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. An taɓa gurfanar da shi gaban kotun soja, kuma a watan Nuwamban 1914 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da wani jirgi da ke ƙarƙashinsa yana kan tudu. Aka ajiye shi a ofis. Ya dai san Afirka, domin ya yi aikin awon kogin Gambiya. Mutum ne mai cika baki, jikinsa duk zane, a bakin tafkin ma har siket ya riƙa ɗaurawa. An ce da farko Kyanwa da Kare ya so ya raɗa wa jiragen, da aka hana shi sai ya ɗauko sunayen da yaran Faransa ke kiran dabbobin nan biyu da su.

Yaya faɗan kansa ya kasance?

Gajere ne ƙwarai. Ranar 26 ga Disamban 1915, ana tsakiyar addu'ar Lahadi, aka hango Kingani ya zo leƙen asiri. Aka bar shi ya wuce, sannan Mimi da Toutou suka fito ta bayansa. Igwar Kingani gaba kawai take harbi, su kuma sun ninka shi gudu. Cikin minti goma sha ɗaya harsashi ya faɗa kan igwar ya kashe kyaftin ɗin, sauran suka sauke tuta. Aka gyara jirgin, aka ɗora masa igwa mafi girma, aka sa masa suna Fifi.

Jamusawa ba su san abin da ya ci jirginsu ba. Ranar 9 ga Fabrairun 1916 Hedwig von Wissmann ya zo cigiya, aka bi shi na awoyi. Mimi ta riƙa tsokanarsa, duk sanda ya juyo don ya mayar da wuta sai Fifi ta ƙara matsowa, har ta sami ɗakin injinsa. Matuƙan suka nutsar da shi, aka tsame su daga ruwa a matsayin fursunoni.

Shi kuma Götzen fa?

Washegari ya bayyana yana neman ɗan'uwansa. Mutanen Spicer-Simson suka so a fita, ya ƙi. Wasu na cewa tsoro ne. Ni dai ban ga laifinsa a nan ba: Götzen na ɗauke da babbar igwa da aka ciro daga jirgin yaƙin Königsberg, harsashi ɗaya ya isa ya mai da Mimi itacen girki. Inda Spicer-Simson ya yi abin kunya shi ne a Bismarckburg, Kasanga ta yau, a watan Yuni, lokacin da ya ƙi kusantar ganuwar garin, Jamusawa suka sulale ta ruwa cikin dare.

'Yan Beljiyam ne suka ƙarasa aikin. Suka kawo jiragen sama masu sauka a kan ruwa suka yi ta jefa bama-bamai a Kigoma. Ashe a lokacin an riga an kwashe manyan bindigogin Götzen an kai wa sojan ƙasa na kwamandan Jamusawa von Lettow-Vorbeck, an kafa na katako a gurbinsu don ruɗi. Da rundunar Kwango ta matso, Jamusawa suka nutsar da jirgin da hannunsu ranar 26 ga Yulin 1916, bayan injiniyoyin sun lafta wa injinsa man giris don kada ya yi tsatsa. Kigoma ta faɗi a ƙarshen watan, Tabora ta biyo baya a Satumba.

Ina 'yan Afirka a cikin wannan labari?

Ko'ina, sai dai a jerin waɗanda aka ba lambar yabo. Su suka sare hanya, suka ja igiya, suka ɗebo ruwa, suka zuba itace a tukunyar jiragen Jamus, wasunsu suka mutu a ciki. Rundunar Kwango da ta ci Kigoma baƙaƙe ne, hafsoshi kawai ne Turawa. A yaƙin Gabashin Afirka gaba ɗaya 'yan dako sun fi sojoji mutuwa nesa ba kusa ba, yawanci saboda cuta da yunwa. Sojojin Najeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, su ma an kai su wannan fage a ƙarshen 1916, amma su a kudu maso gabashin Tanzaniya ta yau suka yi nasu yaƙin, kamar a Mahiwa a 1917, nesa da tafkin.

Akwai abin da ya rage na jiragen nan?

Götzen na nan. Turawan Ingila suka tsamo shi a 1924, suka tarar man nan ya kare injin. A 1927 ya koma aiki da sunan Liemba, ya kuma shafe shekaru da dama yana jigilar fasinja, busasshen kifi da buhunan kaya tsakanin Kigoma da Mpulungu a Zambiya. A 2015, yana da shekara ɗari a ruwa, shi aka yi haya ya kwaso dubban 'yan gudun hijirar Burundi daga ƙauyen Kagunga zuwa Kigoma.