Ciwon Diddige

Ciwon diddige, ko ciwon dunduniya, zafi ne da ake ji a ƙasan diddige, ko bayansa, ko gefensa. Abubuwa biyu ne suka fi nuna musabbabinsa: daidai wurin da yake ciwo, da lokacin da yake tasowa.

Mafi yawan lokuta matsalar daga jijiyar tafin ƙafa take. Wannan jijiya ce mai kauri da faɗi, ta tashi daga ƙashin diddige ta miƙe har gindin yatsu, ita ce ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar tsirkiyar baka. Idan aikin ya yi mata yawa sai ta riƙa ƙananan yagewa a daidai inda ta manne da ƙashi. Alamarta ba ta ɓuya: mutum ya sauko daga gado da safe, takun farko ya ji kamar ya taka ƙusa, ya ɗan yi ɗingishi, bayan ’yan mintuna zafin ya lafa, ya sake dawowa idan ya daɗe a zaune sannan ya miƙe. Dalili kuwa, jijiyar tana tsukewa cikin dare, takun farko sai ya fizge ta. An fi ganin ta tsakanin shekara 40 zuwa 60, da masu ƙiba, da masu wuni tsaye a kan siminti, da wanda ya ƙara yawan gudu farat ɗaya, da mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ko mai lanƙwasa sosai.

Sau da yawa hoton ƙashi kan nuna wani ɗan tsiro a ƙasan diddige, hankalin majiyyaci ya tashi. Bai kamata ba. Mutane da dama na da tsiron nan ba su taɓa jin ciwo ba, kuma da wuya a buƙaci cire shi.

Idan zafin a baya yake, agara ake fara dubawa, wato jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da ƙashin diddige. Takan yi tauri da safe, ta yi zafi wajen hawa bene. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin na iya raunana ta, musamman ga tsofaffi. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai yawan guje-guje kuma, yawanci wurin da ƙashin ke girma ne ya kumbura, yakan wuce da hutu. Akwai kuma tsagewar ƙashi, wadda ake zargi idan matse diddige ta gefe biyu ya jawo zafi. Da dannewar jijiyar saƙo, wato mai kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, a gefen idon sawu, mai zuwa da raɗaɗi da mutuwar ƙafa. Da sirancewar kitsen da ke ƙarƙashin diddige saboda shekaru.

A gida, a rage tsayuwa da gudu, a daina tafiya ba takalmi a wuri mai tauri, a sa takalmi mai taushin ciki da ɗan tudu a baya. A naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana. Miƙa jijiya ya fi komai amfani: kafin a sauko daga gado, a kama yatsun ƙafa a jawo su sama, a riƙe daƙiƙa 30, a maimaita sau uku. Sai an yi haƙuri, domin warkewar kan ɗauki watanni, amma mafi yawa kan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba.

A ga likitan ƙafa idan mako biyu sun wuce ba sauƙi, ko ciwon yana hana barci, ko diddige biyu na ciwo tare da ƙagewar baya da safe, wanda kan nuna amosanin gaɓɓai. Ba a jira ko kwana ɗaya idan an ji ƙara kamar tsinkewar igiya a bayan ƙafa, ko an kasa takawa bayan faɗuwa, ko wurin ya kumbura ya ɗauki zafi tare da zazzaɓi. Mai ciwon sukari kuwa, ko faso ne ya buɗe ya tafi asibiti, saboda ƙafarsa na iya rashin jin zafi alhali gyambo na ci. Likita kan gane matsalar da tambaya da tattaɓawa, wani lokaci ya nemi hoto. Allurar rage kumburi tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, sai dai yawan maimaita ta na iya sirantar da kitsen diddige ko tsinka jijiyar tafin ƙafa.