Waiwaye: Djibo Bakary da raƙumin Sawaba

Kakana tela ne a kasuwar Tawa. Har ya koma ga Mahaliccinsa, katinsa na jam'iyyar Sawaba yana naɗe cikin tsumma a ƙasan akwatin kekensa, kuma in zai ce "zamanin Sawaba" sai ya sassauta murya. Sai da na girma na gane dalilin wannan ɓoyo.

An haifi Djibo Bakary a 1922 a Soudouré, kusa da Yamai, garinsu ɗaya da ɗan uwansa Diori Hamani. A Tawa ya fara lakwal, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, ya dawo malamin makaranta. Tare da Diori suka yi jam'iyyar PPN, reshen Nijar na RDA, babbar jam'iyyar ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka. Da shugabannin RDA suka raba gari da 'yan kwaminisancin Faransa a 1950 don su sasanta da Turawan mulki, Djibo ya ƙi bi. A 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN, wadda daga baya ta zama Sawaba.

Sunan Sawaba kansa Hausa ne, kuma ba a banza ba. Djibo bai fara neman jama'a a fada ba. Ta ƙungiyoyin ƙwadago ya bi, ya shiga tasha da kasuwa: direbobi da yaran mota, 'yan kamasho, teloli, ƙananan ma'aikata. Direban da ya tashi daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram, da kaya da saƙon jam'iyya yake tafiya. Alamar RDA giwa ce, ta Sawaba kuwa raƙumi. Mutanen da harajin Nasara da aikin tilas suka gasa, kalmar sawaba kaɗai ta ishe su bayani. A ganina nan ne ainihin ƙarfinsa, kuma shi ya kai shi kujerar magajin garin Yamai a 1956, ya shugabanci gwamnatin Nijar a 1957.

Sai ga ƙuri'ar raba-gardama ta Janar de Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa na lokacin, ranar 28 ga Satumba 1958, kan ko a ci gaba da zama tare da Faransa. Djibo ya ce a jefa "a'a", a karɓi 'yanci nan take, kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, sarakuna da yawa suka juya wa Sawaba baya, "i" ta yi rinjaye da kusan kashi 78 cikin 100. Kafin ƙarshen shekara mulki ya koma hannun Diori. A 1959 aka haramta jam'iyyar, Djibo ya yi gudun hijira. Yunƙurin dawowa da makami a 1964 ya ci tura, magoya baya suka sha kamu da ɗauri, wasu aka kashe. Tun lokacin katin kakana ya shiga tsumma.

Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, a 1975 aka tsare shi, ya shafe shekaru a rufe. Da aka koma siyasar jam'iyyu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.