Bargon fasaha na yadin rinin hannu

Bargon fasaha aikin ɗinki ne mai hawa-hawa da ake yi domin a rataye shi a bango a kalla. Yawanci hawa uku ne: fuska, wadda ake harhaɗawa da ƙyallaye, cushe na auduga ko ulu ko poliyesta a tsakiya, sai shafi a baya. Ɗinkin da ke ratsa hawa ukun shi ke riƙe su, shi ne kuma ke fitar da tudu da kwari a fuskar. Abin da ya raba shi da bargon gado shi ne mai aikin ba ya bin zubin da aka gada, tsarin na kansa ne. Da yawa daga masu wannan sana'a su ke rina yadinsu da hannunsu, domin da wuya a samu launi guda a kanti cikin matakai takwas ko goma, daga mai haske zuwa mai duhu, alhali a kan waɗannan matakai zanen yake tsayawa.

Tarihi

Ɗinke yadi biyu da cushe a tsakani tsohuwar dabara ce. Ana yawan kafa hujja da wani ɗan gunkin hauren giwa na wani sarkin Masar, wanda ake kyautata zaton ya haura shekara 5,000, sanye da mayafi mai kama da irin wannan ɗinki, ko da yake ba kowa ya yarda da fassarar ba. An tono wata shimfiɗa mai irin ɗinkin a kaburburan Noin-Ula na Mongoliya, ana ƙiyasta ta tsakanin shekara 100 kafin Miladiyya da ta 200 bayanta. Mayaƙa a Turai da Asiya da Afirka sun sa riguna masu cushen auduga irin lifidi. Bargon Tristan, wanda aka ɗinka a Sisili wajen ƙarshen ƙarni na 14, yana cikin mafi tsufa da suka rage a Turai, kuma wani sashensa yana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Bargon fasaha a siffarsa ta yau a Amurka ya taso. A 1971 gidan tarihi na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna daga tarin Jonathan Holstein da Gail van der Hoof a bango kamar zanen fenti, abin da ya sa masu zane da suka yi karatun fasaha suka fara ɗaukar allura da muhimmanci. A 1979 Nancy Crow da abokan aikinta suka buɗe baje kolin Quilt National a wani tsohon garken shanu a garin Athens na jihar Ohio, kuma ana yinsa duk bayan shekara biyu. Baje kolin da Penny McMorris da Michael Kile suka shirya a Los Angeles a 1986 ya taimaka wajen tabbatar da sunan fannin, sannan Yvonne Porcella ta kafa SAQA, ƙungiyar masu bargon fasaha, a 1989. A 2002 aka nuna bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a Alabama, a Houston sannan a Whitney.

Ta fuskar rini, abin da ya buɗe ƙofa shi ne maganin Procion da kamfanin ICI na Ingila ya fitar a 1956, bayan binciken masanan kamfanin, Rattee da Stephen, a 1954. Kafin shi, rina auduga da launi mai kama jiki yawanci yana buƙatar tafasa ko tukunyar baba. Samfurin Procion da ake kira MX yana aiki ba tare da wuta ba, don haka bokitin roba ya wadatar.

Yadi da shirya shi

Maganin MX yana kama zaren da aka samu daga tsiro: auduga, lilin, rayon. Yana kama siliki ma. Poliyesta kuwa ba ya ɗauka sam, shi ya sa yadin da aka gauraya rabi da rabi yake fitowa a koɗe, zaren poliyesta da aka yi kalmasa da shi kuma ya tsaya fari. Audugar da aka gyara da soda mai ƙarfi a masaƙa, bisa dabarar John Mercer ta 1844, tana fitar da launi mai zurfi da sheƙi fiye da wadda ba a gyara ba, ko da maganin daidai yake.

Sabon yadi yana zuwa da sitati da maiƙo. Sai an wanke shi a ruwa mai zafin digiri 60 da ɗan sabulu da ɗan soda. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa a busasshen yadin, in ya shige nan take ya shirya, in ya tsaya kamar dutsen ado a sake wanki. Yadin da aka yi wa maganin hana yamutsewa ba ya rinuwa da kyau ko an wanke.

Yadda maganin yake kamawa

Sodar da ake nufi wajen wanki da rini ita ce sodiyam kabonet. Aikinta ta ƙara wa ruwan kaifi irin na kanwa har ya kai 10.5 ko 11 a ma'aunin pH, inda maganin ke ƙulluwa da zaren har ya zama wani ɓangare nasa. Matsalar ita ce a wannan yanayi maganin yana ƙulluwa da ruwa ma, kuma wanda ya ƙullu da ruwa ya mutu, launinsa na nan a bokiti amma ba zai ƙara kama yadi ba. Saboda haka ruwan rinin da soda ta taɓa yana rasa yawancin ƙarfinsa cikin awa guda ko makamancin haka, wanda ba ta taɓa ba kuwa yakan yi kusan mako, ya fi haka a firiji. Cokalin da ya shiga soda bai kamata ya koma kwalbar magani ba.

Awo da sikeli ya fi awo da cokali, domin garin wani launi ya fi na wani nauyi. Ana lissafi da nauyin busasshen yadi: kashi 0.5 cikin ɗari don launi mai haske, kashi 2 don matsakaici, kashi 4 don mai duhu, baƙi kuma yakan ci kashi 6 zuwa 8. Wato yadi mai gram 100 yana buƙatar gram 2 na magani don matsakaicin launi. Ana fara dama garin da ɗan ruwa mai ɗumi har ya yi laushi kafin a ƙara ruwa. Ja mai ruwan hoda ya fi kowa taurin narkewa, in ba a tace shi ba sai ya bar ɗige-ɗige a yadi.

Zafin wuri kada ya gaza digiri 21. Shuɗi mai ratsin kore shi ne mafi nawa, sanyi na fara kama shi, don haka koren da aka haɗa da shi a ɗaki mai sanyi yakan fito ya karkata ga rawaya.

Garin maganin yana iya jawo ciwon ƙirji ga mai shaƙarsa a kai a kai. Ana sa takunkumi lokacin awo, da safar hannu, kuma kwanon da ya shiga rini ba ya komawa ga abinci.

Hanyoyin rini

Don launi bai-ɗaya ana amfani da ruwa mai yawa, kamar lita 2 ga kowane gram 100 na yadi. Ana narkar da gishiri gram 50 zuwa 90 a kowace lita, gwargwadon duhun da ake so, domin gishirin ne ke tura maganin daga ruwa zuwa zare. A zuba magani, a sa jiƙaƙƙen yadi, a yi ta juyawa minti 15 zuwa 20. Sai a ɗaga yadin, a zuba narkakkiyar soda, gram 5 zuwa 10 a lita, a mayar da shi, a ci gaba da juyawa jefi-jefi har awa guda. Zuba soda kai tsaye a kan yadi yana barin tabo mai duhu da ba ya fita.

Hanyar ƙaramin ruwa, wadda Ann Johnston ta yaɗa a shekarun 1990, ita ce masu bargon fasaha suka fi so. Ana cukuikuye jiƙaƙƙen yadi a cusa shi a roba mai matsi, a zuba masa kamar kofi ɗaya na ruwan rini ga kowane yadi guda, a bar shi minti 15, sannan a bi da kofi ɗaya na ruwan soda, wanda aka haɗa da rabin kofi zuwa kofi na garin soda a lita 4. Ba a buƙatar gishiri. Bayan awa guda an gama, ko da yake barinsa ya kwana yana ƙara wa shuɗi ƙarfi. Inda yadin ya matse magani ba ya isa sosai, inda ya buɗe kuma ya taru, sai a samu zane mai jijiyoyi kamar na dutsen marmara. Idan aka yi ta matsa yadin da hannu, zanen yana ɓacewa. Launukan da aka haɗa daga magunguna biyu ko uku sukan rabu a hanya, tunda ja yana kamawa da sauri shuɗi kuma yana tafiya nesa kafin ya tsaya, shi ya sa launin ruwan ƙasa yakan fito da gefe mai shuɗi. Rinin ƙanƙara, inda ake barbaɗa garin a kan ƙanƙarar da ke narkewa bisa yadin da ya sha soda, wannan rabuwar yake nema da gangan.

Matakan duhu ana samunsu ta hanyar rabawa. A jera robobi takwas, a zuba rabin ruwan rini a ta farko, a cike ragowar da ruwa, a zuba rabi a ta biyu, haka har ƙarshe. Kowace roba tana samun rabin ƙarfin wadda ta gabace ta. Ana iya kuma tafiya daga launi zuwa kishiyarsa, misali daga rawaya zuwa shunayya, inda robobin tsakiya ke ba da launuka masu ƙura-ƙura da ke kwantar da masu ƙyalli a jikin bargo.

Don zane da buroshi ko bugawa da hatimi, ana kaurara ruwan rinin da aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, a sa yuriya don kada ya bushe da wuri, a naɗe yadin a leda awa 24.

Wanki bayan rini

Nan ne aiki ya fi lalacewa. Ana fara ɗauraya da ruwan sanyi har soda da gishiri su fita, sannan a wanke da sabulu a ruwa mai zafin digiri 60 ko fiye, sau biyu ko uku. Ruwan zafi ne kawai ke fitar da mataccen maganin da ya maƙale a zare, kuma wannan mataccen maganin ne ke zuba daga baya ya ɓata farin ƙyallen da ke kusa. Gwaji: a sa jiƙaƙƙen yadin tsakanin fararen ƙyallaye biyu a goge har ya bushe. In farin ya ɗauki launi, wanki bai ƙare ba. Ruwa mai yawan alli yana wahalar da wankin, yana kuma dushe launi. Jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu sosai, don haka ba a yanke hukunci a kan launi sai an goge.

Hana rini da cire launi

Ɗauri da zare, ɗinki a tsuke, naɗi a jikin bututu, matsi tsakanin katakai, da shafa kaki ko kullun sitati duk hanyoyi ne na hana magani shiga wani wuri. Shibori na Japan, bandhani na Indiya, batik na Indonesiya da adire na Yarabawa su ne aka fi koyi da su. Cire launi kuma da bilic ake yi ko da sinadarin tiyoyuriya dayoksaid. Bilic yana cin siliki da ulu, a auduga ma sai an kashe shi da haidirojin feroksaid ko sodiyam metabaisalfait, in ba haka ba ya ci gaba da cin zaren. Ba a kashe shi da ruwan tsami, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. Baƙin yadi ba safai yake komawa fari ba, yakan tsaya a ja ko ruwan ƙasa.

Baba da rinin itatuwa

Shuni ba ya ƙulluwa da zare, kwanciya yake yi a kansa. Yadi yana fitowa daga tukunya kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi, kuma gajeren tsomi sau da yawa ya fi dogon tsomi ɗaya kama jiki. Sauran rinin itatuwa a auduga suna buƙatar a fara jiƙa yadin a ruwan tanin, wani sinadari mai bauri da ake samu daga itatuwa, sannan na alif. Yawancinsu ba su kai na kanti juriyar haske ba.

Tsarawa da ɗinki

Ana manna ƙyallaye a allon bango mai rufin yadi mai gashi-gashi, a ja da baya a duba. Ɗaukar hoto a mayar da shi baƙi da fari yana nuna ko haske da duhu sun rabu, kuma yawancin bargunan da suka fito a dushe a nan suka gaza. Wuƙar yanka mai faifai, wadda kamfanin Olfa ya fitar a 1979, ita ce ta maye gurbin almakashi. Ana haɗa ƙyallaye da bakin ɗinki na milimita 6, ko a liƙa su a kan yadi da takardar gam mai narkewa da guga, a bar bakinsu ba kalmasa.

Cushe da shafi su fi fuska da santimita 8 zuwa 10 a kowane gefe. Ana kama hawa ukun da fil a tazarar tafin hannu, daga tsakiya zuwa baki. Don miƙaƙƙen layi ana sa wa keken ɗinki ƙafa mai jan yadin sama da na ƙasa tare. Don ɗinkin zagaye ana sauke haƙoran keke a juya yadin da hannu. Allura mai lamba 80 ko 90 mai kaifin tsini ta fi dacewa da yadi mai matsattsiyar saƙa. Wurin da aka cika ɗinki yana motsewa fiye da wanda aka bari, shi ke sa bakin bargo ya yi igiyar ruwa a bango. Maganinsa a daidaita yawan ɗinkin, sannan a yayyafa ruwa, a shimfiɗe, a kafe da fil har ya bushe. Zaren ƙasa da ya leƙo sama alama ce ta zaren sama ya yi tsauri.

Ratayewa da adanawa

Ana ɗinka dogon aljihu kamar hannun riga mai faɗin santimita 10 a baya don zura sandar ratayewa, da ɗan sassauci don kada sandar ta turo fuskar. Ana kuma ɗinka ƙyalle mai sunan mai aikin da shekara. Gidajen tarihi suna riƙe hasken da ke kan yadi a wajen luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne). Naɗewa a bututu, fuska a waje, ya fi ninkewa.

Saɓani

Ba a daidaita ba a kan ko wannan aiki fasaha ce ko sana'ar hannu, ko kuma hawa nawa ne wajibi. SAQA tana karɓar duk aikin da ke da hawa-hawa da ɗinki, ko wanda ke nuni ga wannan siffa, wasu gasannin kuwa sun tsaya a kan hawa uku. Akwai kuma ƙorafi kan rabon kuɗi da suna tsakanin dillalai da masu ɗinkin gargajiya da aka ɗauko salonsu.