Bin sawun bakteriya masu bijire wa magani a asibiti

Bin sawun bakteriya dabara ce ta karanta DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado) na ƙwayar cutar da aka samo a jikin majiyyaci, a gwama shi da na sauran majiyyata, don a gano wa ya shafa wa wa. Jifa-jifa, idan bakteriya ta rabu biyu, takan yi ɗan kuskure wajen kwafar DNA, zuriyarta kuma ta gaji kuskuren. Waɗannan tabo su ne sawun.

Misalin da ya fi shahara ya faru a 2011 a asibitin bincike na NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, da ke Bethesda, jihar Maryland ta Amurka. A watan Yuni aka kawo wata mata daga wani asibiti a New York, tana ɗauke da bakteriyar Klebsiella pneumoniae mai sinadarin KPC, wanda ke karya karbafenem, maganin da likitoci ke ajiyewa sai abu ya ci tura. An killace ta har aka sallame ta. Bayan makonni uku sai ƙwayar ta ɓulla a jikin wani majiyyaci. Mutum 18 suka kamu, 11 suka rasu, 6 daga ciki ƙwayar ce ajalinsu. Da tawagar Julie Segre, wata mai bincike a NIH, ta karanta DNA ɗin ƙwayoyin, ta tarar duka daga matar nan suka samo asali, ta hanyoyi uku daban-daban. An ma tsinci ƙwayar a magudanar wurin wanke hannu da jikin na'urar taimakon numfashi da aka riga aka tsabtace.

Inda gizo ke saƙar shi ne filasmid, wani ɗan zoben DNA da ke zaune a gefe cikin bakteriya, wanda sau da yawa shi ke ɗauke da sirrin bijire wa magani. Bakteriya takan miƙa wa maƙwabciyarta wannan zobe, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Don haka ana iya kawar da Klebsiella daga ɗakin jinya, alhali zoben ya riga ya koma jikin wasu jinsunan bakteriya kamar Enterobacter ko Citrobacter. Na'urorin da ke karanta DNA guntu-guntu ba su iya haɗa zoben da kyau, saboda sassansa suna yawan maimaituwa. Sai da taimakon na'urori masu karanta dogon zaren DNA ne masu binciken NIH suka nuna, a 2014, cewa filasmid mai KPC ya tsallaka tsakanin jinsuna a cikin asibitin.