Me ake nufi da "balansin" a darasin kemistiri?

Duk ɗalibin da ya shiga SS1 ɓangaren kimiyya sai ya ci karo da "balansin ikweshan", kuma da yawa sun ɗauke shi canki-canki: a yi ta cusa lambobi har malam ya gyaɗa kai. Abin yana damuna, domin ma'anarsa a fili take. Daidaita lissafin haɗuwar sinadarai ne, yadda yawan atam (wato ƙwayar zarra) na kowane sinadari a hagun kibiyar lissafin, inda ake rubuta abubuwan da suka haɗu, zai zo ɗaya da na dama, inda ake rubuta abin da aka samu.

Idan zan koyar da shi a nan Argungu, daga murhun masu gumin shinkafa nake farawa. Mace ta tura damin ice guda a ƙarƙashin tukunya, da yamma ta kwashe tokar da ba ta cika kwano ba. Ina sauran nauyin? Yara su ce wuta ta cinye. To, wuta tana da ciki ne? Kabon da haidurojin da ke jikin icen ne suka haɗu da oksijin na iska, suka tashi sama a matsayin iskar kabondayoksaid da tururin ruwa. Da za a tare duk abin da ya tashi, a haɗa da tokar a ɗora kan sikeli, nauyinsu zai zo daidai da na icen da oksijin ɗin da ya sha. Wannan ita ce dokar adana nauyi, wadda Antoine Lavoisier, mutumin Faransa, ya tabbatar ta hanyar awo a rufaffun mazubai, ya kuma rubuta ta a 1789.

Mu ɗauki ruwa, H₂O, inda H ke nufin haidurojin, O kuma oksijin. Idan ka rubuta H₂ + O₂ → H₂O, oksijin biyu ne suka shiga, ɗaya ya fito. Ka ci bashin atam guda ke nan. A nan ne nake ganin hannun yaro ya kai ga alli, ya ɗiga ƙaramin 2 a gindin O, ya juyo yana murmushi. Lissafi kam ya daidaita, amma H₂O₂ ba ruwan sha ba ne, ruwan nan ne mai kumfa da ake wanke miki da shi. Ƙaramar lambar ƙasa tana cikin sunan abin, ba a taɓa ta. Babbar lambar da ake sa wa a gaba ita ce taka, domin ita ke faɗin guda nawa aka ɗiba: 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Giram 4 na haidurojin da giram 32 na oksijin, ruwa giram 36 cif.

Ga wadda nake ba su su gwada, ƙonewar mitan, iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen kashin shanu: CH₄ + O₂ → CO₂ + H₂O. Fara da kabon, wato C, ɗaya nan ɗaya can, ka bar shi. Haidurojin huɗu ne a hagu, sai ka sa 2 a gaban H₂O. Oksijin a bar shi ƙarshe, tunda shi kaɗai yake tsaye, taɓa shi ba ya ɓata wa kowa lissafi. Yanzu huɗu ne a dama, saboda haka 2O₂. Auna ka gani: giram 16 na mitan da 64 na oksijin suka shiga, giram 44 na kabondayoksaid da 36 na ruwa suka fito, giram 80 a kowane gefe.