Ma'anar Saɓanin Sauti da Hoto a Faifan Bidiyo

Saɓanin sauti da hoto shi ne yanayin da murya da motsin baki suka kasa haɗuwa a cikin bidiyo, inda mai kallo zai ga malami ya rufe baki alhali kalmarsa ba ta iso ba, ko ya ji tafi kafin hannuwa su haɗu. Masu tace bidiyo suna cewa sink ya goce. Tushen matsalar shi ne cewa hoto da sauti tafiyarsu daban ce a cikin fayil, alamomin lokaci ne kawai ke ɗaure su, kuma wannan ɗaurin yana iya kwancewa yayin juya bidiyon biki ko na wa'azi zuwa tsarin MPEG-2 da faifan DVD yake buƙata.

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna a 1998 cewa ana fara lura da saɓanin idan sauti ya riga hoto da milisakan 45 (milisakan dubu ne ke yin sakan ɗaya), amma idan baya ya yi sai ya kai milisakan 125. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin sauti yana cin kusan mita 340 ne kawai a sakan, don haka mun saba ganin saran gatari daga nesa kafin mu ji shi.

Saɓanin iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne ke sa mutane asarar faifai. Na farko tazara ce tsayayya, misali rabin sakan a farko, rabin sakan a ƙarshe. Wannan mai sauƙi ne. Ana auna tazarar a manhajar kallon bidiyo ta VLC da maɓallan J da K, waɗanda ke matsar da sauti da milisakan 50 a kowace dannawa, sannan a sa adadin a manhaja irin Avidemux, tunda gyaran VLC na kallo ne kawai, ba ya shiga cikin fayil.

Na biyun shi ne mai wahala, wanda yake farawa daidai, sannan tazarar ta riƙa ƙaruwa. Matsar da sauti ba ya maganinsa, domin ana gyara farko ƙarshe zai goce. Sau da yawa adadin firam, wato hotunan da ke wucewa a kowane sakan, ne sanadi. Tsarin talabijin na PAL da Najeriya ta bi firam 25 ne a sakan, na Amurka 29.97, na silima kuma 24. Idan manhaja ta ɗauki 29.97 a matsayin 30, za a samu saɓanin sakan 3.6 a awa ɗaya, idan kuwa aka tura hoto mai firam 24 zuwa 25 aka bar sautin yadda yake, tazarar za ta kai minti 2 da sakan 24 a awa ɗaya. Wayar hannu ta fi kowa laifi, saboda takan sauya adadin firam tana cikin ɗauka, musamman a wuri mai duhu. Maganin shi ne a fara mayar da bidiyon zuwa firam 25 tsayayyu da manhajar HandBrake kafin a soma tacewa, sautin kuma a juya shi zuwa kilohaz 48 na DVD, ba 44.1 na CD ba.

Kafin a buga faifan, a duba minti na farko da na ƙarshe, inda ake tafi ko buga ganga, domin abin da aka ɗora a DVD-R ba ya goguwa.