Na kunna LWIP_DEBUG, na'ura ta yi gum: tambayoyin ƙanena a shago

Ƙanena yana koyon aiki a hannuna nan Tawa. Muna haɗa ƙananan na'urori da ke auna ruwa a tankin famfon sola na masu garkar albasa, su aika adadin zuwa salular mai garka. Abin da ke riƙe da sadarwarsu shi ne lwIP, laburaren manhaja na yaren C da Adam Dunkels ya fara rubutawa a Suwidin a 2001, saboda na'urori masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ga tambayoyin da ya ishe ni da su makon jiya.

Yaya, a ina ake saita shi? Ban ga wurin zaɓi ba.

Babu shi. Duk shawara ana yanke ta kafin a harhaɗa manhajar, kamar tela da ke awo kafin ya ɗauki almakashi. Fayil biyu ne. opt.h na laburaren ne, kuma kowane zaɓi a ciki yana da sharaɗi: in mai aiki bai faɗi nasa ba, ga nawa. Naka shi ne lwipopts.h, abin da ka rubuta nan shi ke danne na can. Kada ka taɓa opt.h, don ran da ka ɗauko sabon fitowa gyaranka ya bi ruwa. Amfanin tsarin kuwa, abin da ka kashe ba ya shiga na'urar sam, balle ya ci wuri.

Na rubuta LWIP_DEBUG, ko harafi bai fito ba.

LWIP_DEBUG shi ke kunna saƙonnin da lwIP ke rubutowa kan abin da yake yi, don gano matsala, amma kamar babban makunnin kuran na gida ne, kowane ɗaki kuma da nasa. TCP_DEBUG, DHCP_DEBUG, ETHARP_DEBUG da sauransu duk a LWIP_DBG_OFF suke zuwa, sai ka maida wanda kake so LWIP_DBG_ON. Bayan haka saƙon yana bi ta LWIP_PLATFORM_DIAG, wanda yawanci printf, umarnin fitar da rubutu na yaren C, yake kira. In ba ka haɗa printf da UART ba, wato hanyar da na'urar ke aika rubutu ta waya zuwa kwamfuta, lwIP na ta magana ne a ɗaki rufe.

Akwai wani tarko da ya taɓa cinye mini yini guda: ana duba ko an ambaci LWIP_DEBUG ne kawai, ba a duba lambar da ke gabansa. Ko 0 ka sa, a kunne yake. In kashewa kake so, goge layin.

To mu kunna su duka mu huta mana.

A nan ne na fi ja masa kunne. Yi lissafi. A gudun UART na bit 115200 a daƙiƙa, kowane harafi yana cin bit 10 a waya, wato haruffa 11,520 a daƙiƙa. Layi mai haruffa 80 ya kusa cin kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma in printf ɗinka mai jira ne, na'urar ba ta komai sai ya gama. Fakiti ɗaya, wato ƙunshin bayanan da ya shigo ta rezo, kan jawo layuka da dama. Kafin ta gama ba da labarin na farko, wasu sun taru a ƙofa, ma'ajin PBUF_POOL_SIZE, da ke zuwa da gurbi 16, ya cika, an fara zubarwa. Sai ka koma farautar cutar da kai ka kawo, ta asalin kuwa ta ɓuya tunda lokaci ya sauya.

Bi matakin da ciwon yake. Ba ta samu adireshin IP ba, DHCP_DEBUG. Ta samu amma ba ta ganin rauta, akwatin da ke haɗa ta da intanet, ETHARP_DEBUG. In surutun ya yi yawa, ɗaga LWIP_DBG_MIN_LEVEL zuwa LWIP_DBG_LEVEL_SERIOUS.

Na'urar da ke garka fa? Sai ta yi kwanaki lafiya sannan ta daina aikawa. Can za mu kwana da kwamfuta?

A'a, ƙidaya za mu tambaya. LWIP_STATS a kunne yake zuwa, yana ƙirge a ɓoye ba tare da ya rage gudu sosai ba. Ka sa LWIP_STATS_DISPLAY ya zama 1, ka kira stats_display() sanda kake so. Muka dawo da na'urar shago, muka riƙa cire wayar rauta muna mayarwa, kamar yadda kuran ke yi mata a can. A layin TCP_PCB, mai ƙirga gurbin da kowace haɗuwar sadarwa ke ɗauka, avail (guraben da ke akwai) 5 ne, used (waɗanda aka ɗauka) ya hau 5 ya ƙi sauka, err (sau nawa aka nema aka rasa) na ta ƙaruwa. Laifina ne. Ina kiran tcp_new() ya ɗauki gurbi, in babu rezo tcp_connect() ya dawo da kuskure, ni kuma in fita ban kira tcp_close() ya mayar da gurbin ba. Kowace ɗaukewa gurbi ɗaya ya tafi, MEMP_NUM_TCP_PCB kuma 5 yake zuwa.

Mu maida shi 50 ke nan?

Tanki mai yoyo za ka ƙara wa girma? Ka ci RAM, ƙwaƙwalwar aikin na'urar, a banza, ka ɗage mutuwar zuwa wata mai zuwa. Layi ɗaya muka ƙara, used ya riƙa komawa 0 bayan kowane aike.

In za mu kai wa Alhaji mai garkar, a bar saƙonnin?

Goge LWIP_DEBUG, ka sake harhaɗawa daga tushe, don rubutun saƙonnin kansa yana cin wuri a filash, ma'ajin da manhajar ke zaune a ciki. Ƙidayar kam bar ta, ka sa na'urar ta haɗa adadin err da na ruwa ta turo mana sau ɗaya a yini.